Wata biyar ina ɓoye musu cewa ina jin Hausa, yanzu tsohon ya gane

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Yau Litinin ce, ranar da ake ba mu ta wanki da gaida gida, shi ya sa na samu damar rubutu. A yi haƙuri da tsawo.

A Jos na taso. Wata biyar ke nan ina aikin bishara a Kumasi ta ƙasar Ghana ƙarƙashin cocinmu, wanda kuka fi sani da Mormon. Shekara biyu ake yi. Mu biyu ne kullum, ba a rabuwa, abokin tafiyata Bature ne ɗan jihar Yuta ta Amurka. Shida da rabi mun tashi, addu'a, karatu, sai farar riga da nakatai da allon suna a ƙirji, mu kama hanya. Sai mun ratsa Aboabo, unguwar zango ta masu jin Hausa, kafin mu kai inda muke koyarwa.

Ran farko wata mai koko da ƙosai ta ce wa 'yarta, "Ga Bature da yaronsa." Na ji sarai, na yi gum. Daga nan shirun ya zame mini jiki, da Turanci da ɗan Twi nake gaisuwa. Babu abin da ban ji ba. Wani ya ce ma'aikatan banki ne, wata ta ce rana ta dafa Baturen kamar dankali, wani ya ce a janye yara. Akwai dattijo mai shayi da ke ba mu benci mu huta. Sau uku yana zuba mana muna ƙi, don mu ba ma shan shayi ko kofi. Shekaranjiya jikansa ya yi tuntuɓe kusa da tukunya, bakina ya suɓuce na ce, "Kai! Sannu yaro, sannu." Tsohon ya dube ni ya ce, "Ashe ɗan gida ne." Shi ke nan. Jiya mun wuce bai ɗaga kai ba. Abokina kuwa murna yake, wai Hausar za ta buɗe mana ƙofofi. Ni ban yi barci ba. Me zan yi?

Tsohon ɗan kasuwar goro: Ɗana, ka yi kuskure babba, ba zan shafa maka mai a baki ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗaukar goro daga Kumasi, na san zango ciki da waje. Mutumin zango zai yafe maka addininka, ba zai yafe maka satar ji ba. Ina garin a 1989 da gwamnatin Rawlings ta rufe cocinku tare da na Shaidun Jehobah, sai ƙarshen 1990 aka buɗe naku. Abin da ake faɗa a titi lokacin shi ne 'yan leƙen asirin Amurka ne ku. Tsohon nan yana tuna wannan. Gobe ka je da goro, ka tsuguna, ka ce "Baba, na yi laifi." Kar ka tafi da Baturen.

Mai tambaya: Baba, ba zai yiwu in je ni kaɗai ba, doka ce. Kuma ni ban yi ƙarya ba. Ba wanda ya taɓa tambayata.

Wata uwa daga Bukuru: To ni tambayata, da kana cocin iyayenka da duk wannan ya same ka? Ɗan ƙanwata haka ya bi su, yanzu ko shayin safe ba ya sha a gidana, kamar na sa masa guba. Uwarsa ta sayar da akuya biyu ta yi masa ɗinkin tafiya. Ranar bikin ƙanwarsa yana can yana buga ƙofofin mutane.

Malamin firamare: Inna, ba wannan ya tambaya ba. Ƙanina, ka sayi Milo da burodi a wurinsa mana, ai wannan ba a hana ku ba. Ƙin shayin nan sau uku ya fi Hausar yi masa ciwo.

Tsohon ɗan kasuwar goro: Milo! Malam, kai ba ka san zango ba. Mutum ya ba ka kyauta ka ƙi, sannan ka dawo da kuɗi? Zagi ne. Ni da na yi amana da wani a kasuwar Kejetiya, buhu shida ya cinye mini, har yau ban ga sisi ba, amma ban taɓa raina abincinsa ba. Goro na ce.

'Yar Sabon Zango: Ni a nan aka haife ni. Yaya, kar ka ɗauka ba a gane ka ba tuntuni. Wanda ke jin magana idonsa ke tona shi, matan nan wataƙila da gangan suke faɗa don ka ji. Amma gaskiya ku ma kuna da naci. Na ce wa wasu biyu 'yan cocinku ina girki, suka ce za su taya ni daka. Abu ɗaya: kar ka bari abokinka ya mai da Hausar nan makullin wa'azi. Ranar da ka buɗe littafinku a bencin tsohon, ka rasa bencin.

Mai tambaya: Ba mu taɓa yi masa wa'azi ba. Aikin hidima yana cikin abin da aka aiko mu, ba naci ba ne. Kuma abokina ba mugu ba ne, bai gane ba ne kawai. Tun farko tsoro na ji, kun san yadda muka taso a Jos, ana jin Hausa a bakinka sai a fara tambayar kai na wane ɓangare ne.

Malamin firamare: To ka gaya wa tsohon wannan ɗin, yadda ka faɗa mana. Ko ka kai wa shugaban mishan ɗinku maganar?

Mai tambaya: In na kai masa zai iya ɗauke ni. Duk sati shida ake canjin wuri, saura kwana tara. Wataƙila in bi ta wata hanya kawai har lokacin.

Tsohon ɗan kasuwar goro: Ka gudu ke nan? To ka tabbatar masa da abin da yake zato. Farin goro za ka saya, ba ja ba.

Wata uwa daga Bukuru: Har yanzu ba ka ce mini ko mahaifiyarka ta san kana yawo cikin zango ba.