Wai ya Kendrick Lamar ya faro ne?

Masoyin rap: Jama'a don Allah wa ya san yadda gayen nan ya taso, daga sama ya fado ko ya sha wuya?

Dan studiyo: Wane daga sama, a garin Compton na Amurka aka haife shi 1987, unguwar da harbe-harben 'yan daba ya yi yawa, tun yana dan shekara 16 yake sakin mixtape (tarin wakoki) da sunan K.Dot, 2005 kamfanin wakoki na Top Dawg suka dauke shi amma sai 2012 duniya ta san shi da babban furodusa Dr. Dre ya jawo shi kamfaninsa na Aftermath.

Yar gida: Wallahi hakurinsa ke burge ni, shekara bakwai fa yana rubutu ba ya gaggawa.

Masoyin rap: Kai, ashe ya dade. Lambar yabo ta Pulitzer din fa?

Dan studiyo: 2018 ya ci.