Me ya haɗa Albaniya da Hangari?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Budapest, babban birnin Hangari, ya turo mini hoton kabarin wani shehin ɗariƙa mai suna Gul Baba, ya ce almajiran ɗariƙar sun fi yawa a Albaniya. Na duba taswira na ga ƙasashen biyu ko iyaka ba su haɗa ba, harsunansu ma ba dangi ba ne. Malamai, ina tushen wannan alaƙa?

Malamin Tarihi, Gwale: Wa alaikumus salam. Tushen yana wajen Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi, ba ta Shehu ba. A 1443 Yanos Hunyadi, jagoran yaƙin Hangari, ya ci Turkawa a Nish, kuma a cikin wannan ruɗani ne Iskandarbeg, ɗan Albaniya wanda ya tashi a fadar Sarkin Turkawa, ya sulale daga rundunarsu ya koma garin Kuruje a Albaniya ya ɗaga tutar tawaye. A 1448 sun shirya haɗa ƙarfi a Kosovo, amma mai mulkin Sabiya ya tare wa Iskandarbeg hanya, Hunyadi ya shiga yaƙin ba tare da shi ba ya sha kashi. Shi kuwa Gul Baba ɗan ɗariƙar Bektashiyya ne, ya rasu a Buda, wani ɓangare na Budapest ta yau, a 1541, shekarar da Turkawa suka kama birnin. Bayan Ataturk, shugaban Turkiyya, ya haramta ɗariƙu a 1925 ne hedikwatar Bektashiyya ta koma Tirana, babban birnin Albaniya.

Hajiya daga Nassarawa: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ka tsallake auren sarauta. A 1938 Sarki Zog na Albaniya, wanda Musulmi ne, ya auri Geraldine Apponyi, 'yar wani gidan masu sarauta a Hangari kuma Kirista. Kwana biyu da haihuwar ɗansu Leka, a Afrilun 1939, Italiya ta mamaye Albaniya, mai jego ta tsere da ɗanyen jiki zuwa Girka. Sai a 2002 ta koma Tirana, a nan ta rasu cikin shekarar.

Malamin Tarihi, Gwale: Gaskiyarki, Hajiya. Sai dai ni ban ɗauki wannan zumunci na ƙauna zalla ba. Lokacin da Ismail Kemali ya ayyana 'yancin Albaniya a Nuwamban 1912, daular Ostiriya da Hangari ta tsaya masa ne don kada Sabiya ta samu mashiga a tekun Adiriyatik. Haka kuma da Tarayyar Sobiyet ta murƙushe boren Hangari a 1956, Enver Hoxha, shugaban Albaniya na lokacin, bayan Mosko ya bi. Yau dai dukansu suna NATO, Hangari tun 1999, Albaniya tun 2009, kuma Budapest na goyon bayan shigar Albaniya Tarayyar Turai.

Ɗan Fagge: Na gode, Malam da Hajiya. Zan ce wa yaron idan an yi hutu ya leƙa Kuruje ya turo mana hoton ganuwar.