Neman shawara: ƙaramin layin dogo irin na duwatsun Suwizalan a kan tebur

Ɗan Leburan Dogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara kafin in kira kafinta, domin kaina ya ɗaure. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Zariya, a kwatas ɗin ma'aikata aka haife mu. A falonmu akwai wata kalanda da ya ƙi cirewa ko da shekararta ta wuce, mai hoton jan jirgi a kan gadar dutse yana shiga cikin tsauni kai tsaye. Ba mu san ko wace ƙasa ba ce, shi ma bai sani ba, yakan dai tsaya ya ce waɗanda suka gina wannan sun san aiki. Bayan rasuwarsa da aka raba kaya, kalandar ta bi wata ƙanwata zuwa gidan mijinta, daga baya ruwa ya lalata ta. Sai da na girma na gano gadar Landwasser ce, kusa da Filisur a Suwizalan, ta kamfanin jirgin Rhaetian, tsayinta mita 65, baka shida gare ta.

To yanzu ɗan yayana da ke karatu a waje ya kawo mini ƙaramin samfurin jirgin Glacier Express na kamfanin Kato na Japan, ma'aunin 1:150, kan jirgi da taragai, da 'yan layuka. Wurin da nake da shi tebur ne mai tsawon santimita 180 da faɗin 80. Ina son Landwasser ta fito a kai, ina kuma son gadar Brusio mai zagaye, wadda jirgi ke juyawa ya wuce ta ƙarƙashin kansa, sannan da ƙaramar tasha da dusar ƙanƙara a saman dutse. Na zana a takarda, duk lokacin da na sa gada ɗaya sai ɗayar ta rasa wuri. Ta ina zan fara?

Injiniya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ji ƙan mahaifinka. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: abin da kake so ba zai shiga teburin nan ba. Ɗauki biro. Zagayen Brusio, daga tsakiya zuwa layi mita 70 ne. Raba da 150, ka samu santimita 47. Ke nan faɗin zagayen santimita 93, kai kuma 80 gare ka. Tun nan magana ta ƙare. Landwasser kuma tsayinta zai zama santimita 43, tsawonta kusan 90, rabin teburinka ke nan.

Abu na biyu, Glacier Express ba ya bin Brusio sam. Daga Zermatt yake tasowa, ya bi ta Landwasser, ya tsaya a St. Moritz. Brusio tana kan layin Bernina, mai sauka Tirano a Italiya. Layin Bernina wutarsa DC ce, bolt 1000, sauran layukan kamfanin kuma AC ce, bolt 11,000. Kan jirgin da ke jan Glacier Express ba zai iya taka Bernina ba. Wanda ke bin gadojin biyu Bernina Express ne.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Layin Rhaetian faɗinsa mita ɗaya ne cif. Layin Kato milimita 9 ne, in ka ninka da 150 ya zama milimita 1350. Jirgin zai zauna a kan layi mai faɗi fiye da kima, duk wanda ya san abin zai gani. In kana son aiki na gaskiya, sayar da shi ka koma H0m na kamfanin Bemo, ma'aunin 1:87 a kan layin milimita 12.

Ɗan Leburan Dogo:
Na gode Baba Injiniya, amin. Amma jirgin kyauta ce daga yaro, da kuɗin guzurinsa ya saya, ba zan iya sayarwa ba. Kuma ni ba gidan tarihi zan buɗe ba, a gidana wa zai auna milimita? Batun Brusio, ai ba lallai in yi ta daidai ma'auni ba, na ga mutane suna matse ta.

Maman 'Yan Biyu:
Baba Injiniya, ku yi haƙuri, amma shawararku ta ƙarshe ta ci karo da ta farko. In Brusio ba ta shiga a 1:150 ba, ta yaya za ta shiga a 1:87? A can faɗin zagayen zai kai santimita 160, Landwasser kuma ta yi tsayin santimita 75. Sai dai ya ba jirgin ɗaki guda.

Malam, zanen gine-gine nake yi, ga abin da zan ce. Kada ka sa jirgin ya hau zuwa gadar. Ka ɗaga layin gaba ɗaya a kan firam, ya tafi a miƙe ba hawa ba gangara, sai ka bar kwarin ya faɗa ƙasa da layin. Wato teburin ne zai yi rami a inda gadar take. Ido zai ga tsayi, injin kuma ba zai wahala ba. In ka ce sai jirgi ya hau santimita 43 da kansa, a hawan kashi 4 cikin 100 kana buƙatar layi kusan mita 11. Ina za ka naɗe shi? Ka ɗauki Landwasser kaɗai, ka rage bakunan zuwa huɗu in ya kama, jirgi ya shige dutse, ya zagaya ta baya inda ba a gani, ya sake fitowa. Dama a can ma haka take, ƙarshen gadar bakin rami ne a jikin dutse.

Ban ji ka faɗi ko teburin a jikin bango zai zauna ba. In haka ne, hannu ba ya kaiwa santimita 80 ta saman tsauni, jirgi zai faɗi a rami ka rasa yadda za ka ɗauko shi.

Na Sabon Gari:
Ni dai abin da zan ce, ka lissafa kuɗin aike kafin komai. Na yi odar layuka da makarkata (abin sauya wa jirgi layi) guda biyu, wani kamfanin aike ya riƙe mini kaya har na fid da rai, da suka iso kwalin ya jiƙe, kuɗin fito ya kusa kai kuɗin kayan. Na kira, na rubuta, babu wanda ya saurare ni. Har yau makarkata ɗaya ba ta aiki. A ƙasar nan babu shagon da na taɓa gani yana sayar da waɗannan abubuwa, ƙaramin ƙarfen haɗa layi ya ɓace maka sai ka jira matafiyi. Matata ma ta daina tambayata yaushe jirgin zai tashi.

Injiniya Mai Ritaya:
Hajiya, ban ce ya sa Brusio a H0m ba, cewa na yi ya bar ta gaba ɗaya. Kuma layi a miƙe ba layin dutse ba ne. Abin da ya sa UNESCO ta sa layukan Albula da Bernina cikin kayan tarihin duniya a 2008 shi ne hawan. Tsakanin Bergün da Preda jirgi yana hawa sama da mita 400, yana shiga dutse yana juyawa a ciki yana fitowa a saman inda ya shiga. Bernina kuma tana hawa kashi 7 cikin 100 ba tare da layi mai haƙora ba, har mita 2253 a Ospizio Bernina. Ka cire hawan, me ya rage? Amma a kan tebur kada ka wuce kashi 3. Na faɗa, na maimaita. Duk wanda ya ce maka 4 ko 5 bai taɓa ganin ƙafar jirgi tana sulɓi a kwana ba.

Ɗan Leburan Dogo:
To kun gani, Baba ma ya ce hawan ne abin kallo. Shi ya sa nake son Brusio. Hajiya na gode ƙwarai, zancen ramin teburin ya shige ni, amma jirgin da ke zagaye a waje ɗaya kullum, yara ma za su gaji da shi. Teburin a kusurwa zai zauna, babu wani wurin.

Ɗalibi Daga Jamus:
Kawu, ina da irin jirginka. Kashi 4 yana hawa lafiya da taragai kaɗan, na gwada. Da girmamawa ga Baba, kashi 3 doka ce ta dogayen jirage. Ga lissafin Brusio matsattsiya. Don jirgi ya wuce ƙarƙashin gada kana son tazarar kusan santimita 6, saboda ƙarfen ɗaukar wuta da ke kan rufinsa da kaurin gadar kanta. Kwanar Kato ta R183, wato milimita 183 daga tsakiya zuwa layi, zagayenta santimita 115 ne, hawan zai wuce kashi 5, ya yi yawa. R249 zagayenta 156, hawan ya sauko ƙasa da kashi 4, faɗinta kuma santimita 50 da ɗan ɗoriya. Za ta shiga teburinka. Abin da ba zai shiga ba shi ne ita da Landwasser da tasha, su uku. In ka zaɓi Brusio, nan gaba ka nemi jirgin Allegra, shi ma Kato na yin sa, kuma na gaskiyar yana aiki da wutar iri biyu, don haka yana bin layukan duka.

Ka duba adaftar da aka kawo maka. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230. Karanta abin da aka rubuta a jikinta kafin ka soka.

Injiniya Mai Ritaya:
Yaro, a ɗaki mai sanyi da tsabta ka gwada. Ka zo ka gwada a watan Janairu a Zariya, ƙura ta kwanta a kan layi, sannan mu yi magana.

Kafintan Unguwa:
Wannan ita ce maganar da nake jira. Kuna ta lissafin Turai, ba wanda ya ambaci gara. Alhaji, kada ka yarda a yi maka da katakon da bai bushe ba, damina zai kumbura, hunturu ya tsage, layinka ya karkace. Filawud mai kyau, firam a ƙasa, a shafa maganin gara, ƙafafun kada su taɓa bango. Dutsen kuma kada ka yi shi da siminti ko POP zalla, nauyi zai lanƙwasa teburin. Farin soson nan da ake sako firji a ciki, shi za ka jera ka sassaƙa, ka shafa POP sama-sama. Gam mai ƙarfin wari yana cinye shi, farin gam na katako za ka sa. Sannan dole murfi, ko na leda mai kauri ne.

Mu dai matsalarmu da masu irin wannan aiki, mutum ya zo da zane, ka yanka, gobe ya ce ya canza shawara, kuma ba ya son biyan katakon da ya lalace. Akwai wanda har yanzu kayansa na shagona sun cinye mini wuri. Ka gama shawara kafin ka kira kowa.

Jikan Bukuru:
Ni abin da ke ba ni mamaki, me ya kai mu Suwizalan? Muna da namu jirgin dutse. Bauchi Light Railway daga Zariya ya tashi ya hau tsaunin Jos har Bukuru saboda kuza, faɗin layinsa milimita 762, ya kai can a 1914, aka rufe shi a 1957. Kakana ya hau shi. Layin milimita 9 da ke hannunka, a ma'aunin 1:87 kusan daidai yake da wannan faɗin, shi ake kira H0e. Ga duwatsu, ga rumfunan tasha, babu ruwanka da dusar ƙanƙara da ƙura za ta mayar ja cikin mako guda. Mahaifinka ma'aikacin Zariya ne, wanne ya fi kusa da shi? An bar tarihin nan ya mutu, yaranmu ba su ma san an yi shi ba, wannan abu yana ci mini rai.

Ɗan Leburan Dogo:
Ɗan'uwa, na san da layin, mahaifina ya sha ba mu labarinsa, kuma na yarda an yi sakaci. Amma jirgin da ke hannuna ja ne na Suwizalan, ba zan ɗora shi a Bukuru ba. Batun ƙura na ji, zan yi murfi. Adaftar ma zan duba.

Abin da nake tunani yanzu: Brusio a hagu da R249 kamar yadda ɗalibinmu ya ce, Landwasser a dama da baka huɗu a kan ramin Hajiya, tashar in rage ta zuwa layi ɗaya a gaba. Santimita 50 da 70 ai 120 ne, saura 60.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, saura 60 ɗin nan ita ce kwanar da jirgi zai juya ya dawo, ba wurin tasha ba ce. Kuma jirgin da ya hau santimita 6 a Brusio dole ya sauko su a wani wuri kafin ya koma inda ya fara. Ina gangaren yake a zanenka? Ka shimfiɗa kwali a ƙasa, ka jera layukan da kake da su, ka tokare da littattafai, ka gani da idonka kafin a yanka komai.

Injiniya Mai Ritaya:
Gangaren zai ɓoye a bayan tsauni, a kusurwa, inda hannunsa ba ya kaiwa, a nan kuma jirgin zai riƙa faɗuwa. Gada ɗaya, kashi 3. Ban canza ba.

Ɗan Leburan Dogo:
Zan buɗe ƙofa a ƙarƙashin teburin in riƙa shiga ta nan. Na riga na yi magana da kafinta zai zo ranar Asabar ya auna. Dusar ƙanƙarar fa, da me ake yin ta? Wani ya ce mini hodar yara.

Na Sabon Gari:
Hoda za ta shige maka cikin inji. Wai ɗan yayan naka yaushe zai sake zuwa? In da hali ya taho mini da makarkata ɗaya ta hagu, zan tura kuɗin.