Rubuta wa yara labarin bincike: shawarwari daga Sakkwato

Marubuta da malaman firamare da suka tattauna kan labarin bincike (wato ƙagaggen labari mai sirrin da ake warwarewa) na 'yan shekara 9 zuwa 12 sun fi daɗewa a kan abu ɗaya: sirrin ya zama abin da yaro zai iya taɓawa. Misali, takardar ajami a cikin gafakar kaka, tawadar ta koɗe, gara ta ci gefe guda. Abokai biyu su raba aiki, ɗaya almajiri mai karanta ajami, ɗaya 'yar boko mai yawan tambaya. In babba ne ya warware musu, labarin ya mutu.

Alamu uku na warware sirrin sun isa, ta farko ta fito kafin babi na uku.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tarihi. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, Turawa sun ci Sakkwato a yaƙin Giginya a 1903. Wanda ya cakuɗa zamunan nan, dattawan Hubbare, inda kabarin Shehu yake, ba za su raga masa ba. A leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu kafin a ɗora alƙalami. Gidan da sirrin yake kuwa, ƙirƙirarsa za a yi, kada a jingina abin kunya ga zuri'ar da ke raye.