Ɗanyen kayan ciki ga karen farauta, haƙƙinsa ne ko ajalinsa?

Sarkin Baka Mai Wurno: Jama'a ni fa maganar nan da ake yawo da ita wai kar a ba kare ɗanyen naman daji ban yarda ba. Tun muna yara in aka kama zomo ko barewa kayan ciki na kare ne, shi ya sha gudu. Cikin da ke narkar da ƙashi wace cuta ce za ta gagare shi?

Ɗan Gadarif: Kawu Allah ya ja kwana, ƙashi daban ƙwayar cuta daban. Akwai wadda aladen daji ke ɗauke da ita a Turai da Amurka, wani likitan dabbobi ɗan Hungari mai suna Aujeszky ya yi bayaninta tun 1902, aladen na kiwonsa lafiya lau amma kare in ya ci ɗanyen naman sai ƙaiƙayi ya kama shi a fuska ya yi ta susa har ya yage fatarsa, yawu na dalala, kwana biyu uku ya mutu kuma babu magani.

Sarkin Baka Mai Wurno: To mu ina ruwanmu da alhanzir?? Kai dai ɗan boko

Ɗan Gadarif: Bar alade to. Agwagin ruwa fa da kuke harbi a bakin kogi? A Tailan 2004 kare ya ci mushen agwagi mai murar tsuntsaye ya mutu.

Baban Ummi: Ni ma nawa ya mutu bara bayan farauta, kumfa a baki

Ɗan Gadarif: Ba mamaki wannan ciwon haukan kare ne yaya, shi kuma cizo ke kawo shi, dila ko wani karen. Ka taɓa yi masa allurar rigakafi?

Baban Ummi: Hmm

Malam na Sinnar: Ku kuna ta kare ni ina ta mai fiɗar. Zazzaɓin Rift, cutar dabbobi da ke kama mutum, a 2007 nan Sudan a Sinnar da Jazira da Farin Nilu mutane ya kashe, da yawa ta jinin dabba suka kamu. Sannan a hadisin Adiyyu ɗan Hatim an ce in kare ya ci daga abin da ya kama kar ka ci, don kansa ya kama.

Sarkin Baka Mai Wurno: Allah gafarta malam mu Malikawa ne, an halatta mana. Kuma ba ci yake da kansa ba ni ke yanka in miƙa masa.

Ɗan Gadarif: Yauwa tunda kai ke miƙawa ai magana ta zo da sauƙi, tafasa shi sosai ka ba shi, wuta na kashe ƙwayoyin cutar. Haƙƙinsa na nan ba wanda ya hana.

Sarkin Baka Mai Wurno: A tsadar gawayin nan in dafa wa kare? Kuma da tukunyar wa, in ka isa zo ka tambayi gwaggonka