Gwamnatin Vichy: tilas aka yi musu ko da son ransu suka yi wa Jamus aiki?

Abubakar:
Assalamu alaikum malamai. Wani abu ya ɗaure mini kai game da Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu. An ce Jamus ta mamaye ƙasar a 1940, amma kuma an ce akwai gwamnatin Faransawa a garin Vichy ƙarƙashin Marshal Pétain, da ministocinta da 'yan sandanta har da jakadu. To a aikace yaya suka raba iko? Sannan abin da suka yi wa Jamus, wuƙa aka sa musu a wuya ko su suka kai kansu?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam, Malam Abubakar. Tushen komai shi ne yarjejeniyar tsagaita wuta ta 22 ga Yunin 1940, wadda aka sa wa hannu a dajin Compiègne. Ita ta ja layi ta raba ƙasar biyu. Arewa da duk gaɓar tekun Atlantika, kusan kashi uku cikin biyar na ƙasar har da Paris, suka koma hannun sojan Jamus. Kudu babu sojan mamaya, shi ya sa gwamnati ta zauna can. Vichy kuwa gari ne na masu zuwa wankan ruwan magani, otal-otal sun yi masa yawa, sai aka mayar da ɗakunan kwana ofisoshin ma'aikatu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a ɗauka ikon Vichy a kudu kaɗai ya tsaya. A rubuce, dokokinta sun hau kan ƙasar baki ɗaya, ban da Alsace da Moselle da Jamus ta haɗiye. Gwamnonin larduna da alƙalai da 'yan sandan arewa duk ma'aikatan gwamnatin Faransa ne, ita ke biyansu, amma sashe na 3 na yarjejeniyar ya wajabta musu bin umarnin hukumar sojan Jamus. Wannan ya yi wa Jamus daɗi ƙwarai, domin ta riƙe babbar ƙasa da ma'aikata kaɗan.

Igiyoyin da ta ɗaure Vichy da su ba ɓoyayyu ba ne. Fursunonin yaƙi kimanin miliyan 1.5 aka kwashe zuwa Jamus, kusan kowane gari da mutanensa a ciki. An taƙaita rundunar Faransa ga soja 100,000. Layin da ya raba ƙasa ba a ƙetare shi sai da takardar izinin Jamus, ko da minista ne, kuma duk sanda suka so matsa lamba sai su rufe shi. Mafi nauyi shi ne kuɗi: faran miliyan 400 kowace rana da sunan ciyar da sojan mamaya, aka rage zuwa 300 a 1941, aka ɗaga zuwa 500 bayan Nuwamban 1942. Sannan aka yanke cewa mark ɗaya na Jamus faran 20 ne, abin da ya wuce ainihin darajarsa nesa. Kuɗin ya fi abin da sojojin ke ci, rarar kuma da ita Jamus ke sayen hatsi da nama da fata da ƙarfen Faransa. Wato da kuɗinka ake sayen kayanka. Gwamnati ta riƙa cin bashin babban banki tana biya, kuɗi suka yi yawa, kaya suka yi ƙaranci, aka koma rabon abinci da kati. Burodin baligi ya faɗo daga giram 350 a rana zuwa 275 a 1941, kasuwar bayan fage ta kankama.

Malama Hadiza:
Abin da Malam Garba ya lissafa shi ne ɓangaren tilas, kuma gaskiya ne. Amma ɗan'uwa, akwai abubuwa da yawa da babu wanda ya tilasta su.

Ba Jamus ce ta rushe Jamhuriya ta Uku ba, wato tsarin mulkin majalisa da Faransa ke kai kafin shan kaye. Ranar 10 ga Yulin 1940 'yan majalisa suka taru a Vichy, 569 suka miƙa wa Pétain cikakken iko, 80 suka ƙi. Washegari ya ɗauki muƙamin shugaban ƙasa, majalisa ta daina zama, aka sauya taken ƙasa zuwa aiki, iyali da ƙasar haihuwa. Mutanen da ke kewaye da shi sun daɗe suna ganin majalisa da 'yan gurguzu da Yahudawa da baƙi su ne suka raunana Faransa, sai suka ga shan kaye ya buɗe musu ƙofa.

Dokar Yahudawa ta 3 ga Oktoban 1940 Vichy ce ta rubuta ta, ba da umarnin Jamus ba. Ta kore su daga aikin gwamnati da koyarwa da hafsancin soja da aikin jarida. Dokar 4 ga wata ta ba gwamnonin larduna damar tsare Yahudawa baƙi a sansani ba tare da shari'a ba. Ta 7 ga wata ta ƙwace wa Yahudawan Aljeriya zama 'yan ƙasa da suka samu tun 1870, alhali babu sojan mamaya ko ɗaya a Aljeriya. Wannan kaɗai ya isa amsa.

Yadda kamun ya gudana ma abin lura ne. A tsakiyar 1942 René Bousquet, shugaban 'yan sandan Vichy, ya yi ciniki da Carl Oberg na rundunar SS ta 'yan Nazi: 'yan sandan Faransa za su ci gashin kansu, su kuma za su yi kamun Yahudawa baƙi da hannunsu. Ranakun 16 da 17 ga Yuli suka kama mutum 13,152 a Paris da kewaye, fiye da 4,000 yara ne. Da rajistar sunaye da adireshi da ofishin 'yan sandan Paris ya tattara aka bi su gida-gida. An cusa iyalai a filin tseren keke na Vel d'Hiv kwanaki ba isasshen ruwa, daga baya aka raba iyaye da 'ya'ya. A watan Agusta aka yi irin wannan kamu a kudu, inda babu sojan Jamus. Jimillar waɗanda aka kwashe daga Faransa ta kai kusan 76,000, mafi yawa ta sansanin Drancy zuwa sansanin kisa na Auschwitz, kuma 'yan dubbai kaɗan ne suka dawo. Jamus ba ta da mutanen da za su yi wannan aiki su kaɗai, ba su san unguwanni ba, ba su da rajista.

Abubakar:
Na gode Malam, na gode Malama. Amma na ji Pétain ya kare kansa a kotu da cewa shi garkuwa ne ga jama'a, da babu shi da abin ya fi haka muni. Ga shi kuma kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Faransa sun tsira. Babu ƙamshin gaskiya a nan?

Malam Idris:
Tambaya ce mai kyau, Malam Abubakar, kuma hanyar gwada ta ita ce a duba abin da Vichy ke riƙe da shi da abin da ta saya da shi. Abubuwa biyu take da su masu daraja: rundunar ruwa da ƙasashen mulkin mallaka. Saboda su Amurka ta ajiye jakada a Vichy. Vichy ta kuma kare su da wuta, amma daga Birtaniya. A Satumban 1940 Gwamna Pierre Boisson ya kori harin Birtaniya da Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi ajiye makami, a Dakar, Afirka ta Yamma ta Faransa har da Nijar ta zauna ƙarƙashin Vichy zuwa ƙarshen 1942, alhali Gwamna Félix Éboué ya kai Chadi wajen de Gaulle tun Agustan 1940.

To ranar 8 ga Nuwamban 1942 Amurka da Birtaniya suka sauka Afirka ta Arewa, ranar 11 Jamus ta shiga kudu, ranar 27 sojan ruwan Faransa suka nutsar da jiragensu a Toulon. Daga nan jirage da ƙasashen mulkin mallaka sai ɗan abin da ya rage, kuma babu yankin da ba a mamaye ba. Pétain na da damar tafiya Aljeriya, ya zauna. Kuma bayan nan ne aka yi abubuwan da suka fi taɓa talaka. Tun Yunin 1942 Pierre Laval, shugaban ministocin Vichy, ya kawo tsarin musaya, ƙwararrun ma'aikata uku a sako fursuna ɗaya, mutane ba su amsa yadda ake so ba. Sai dokar 16 ga Fabrairun 1943 ta wajabta wa samarin da aka haifa daga 1920 zuwa 1922 aikin dole a Jamus. Fiye da mutum 600,000 aka tura. Dubbai suka gudu duwatsu da dazuzzuka, can 'yan gwagwarmaya suka samu dakaru. Ƙungiyar Milice ta Joseph Darnand, da aka kafa a Janairun 1943, aikinta farautar 'yan'uwansu Faransawa.

Zancen waɗanda suka tsira kuwa, ladan na wasu ne. Ƙasar na da faɗi da tsaunuka, tana da iyaka da Sifen da Suwizalan. Ƙauyuka irin su Le Chambon-sur-Lignon sun ɓoye mutane. Wasiƙar yin tir da kamun Yahudawa da Archbishop Saliège, babban limamin cocin Toulouse, ya rubuta a Agustan 1942 ta sa gwamnati ta ɗan ja baya saboda tsoron fushin jama'a. Hafsoshin Italiya ma, a yankin kudu maso gabas da suka riƙe, sun hana 'yan sandan Vichy miƙa Yahudawa.

Malama Hadiza:
Ƙari kan shari'a. An yanke wa Pétain hukuncin kisa a Agustan 1945, de Gaulle ya mayar da shi ɗaurin rai da rai, ya mutu a tsibirin Yeu a 1951. Laval da Darnand an harbe su a Oktoban 1945. Amma dokar 9 ga Agustan 1944 ta gwamnatin de Gaulle ta ce Vichy ba halattacciyar gwamnati ba ce, kuma a bayan wannan hujja hukuma ta fake shekara hamsin, sai ranar 16 ga Yulin 1995 Shugaba Jacques Chirac ya amsa cewa Faransa na da alhakin kamun. Bousquet wani mutum ne ya harbe shi har lahira a gidansa a 1993 kafin a gurfanar da shi kan wannan laifi. Maurice Papon, jami'in lardin Bordeaux a lokacin yaƙi, har minista ya yi kafin a yanke masa shekara 10 a 1998.