Wa ya taɓa riƙon ɗan kwikwiyon karen farauta a cikin gari?

Mai ɗinki, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani bawan Allah a bayan gari da ke tattara 'yan kwikwiyon da aka yasar, ya yi jinyarsu, ya ba wanda zai riƙe da amana, ko dala ba ya karɓa. A wurinsa na ɗauko wata 'yar ja mai dogayen ƙafafu da ɗamammen ciki. Ya ce mota ce ta kashe uwar a hanyar Dakoro, kuma jinin karnukan farauta na ƙasar Azawak ce. Watanta huɗu yanzu. Ina sonta ƙwarai, amma ta cinye takalman yara, ta tone gindin zogale, kaji ba su da sakat. Uwargida ta ce ko a ɗaure ko a mayar. Wanda ya taɓa riƙon irinta ya taimaka mini.

Tsohon maharbi, Madarunfa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ɗaure ta. Tun ina yaro nake bin daji da karnuka, ban taɓa ganin wanda turke ya gyara ba. In ka ɗaure irin wannan wuni guda, ko dai ya koma mai haushi dare da rana, ko ya zama mai cizo. Ɓarnar da kake gani ƙarfi ne ya taru bai sami mafita ba. Da an idar da sallar asuba ka fita da ita wajen gulbi inda yashi yake, ka sake ta ta yi tsalle-tsallenta har ta kwanta don kanta. Da la'asar sakaliya a ƙara. Sannan ka koya mata kira tun yanzu: fito iri ɗaya kullum, in ta zo ka ba ta ɗan busasshen nama daga hannunka. Ko ta daɗe kafin ta amsa, in ta iso kada ka doke ta, don in ka doke ta gobe ba za ta zo ba. Irin nan zuciya gare su, mutum ɗaya suke kamawa, kuma ba sa manta wulaƙanci.

Ma'aikacin kiwo, Zariya: Maganar Baba gaskiya ce, sai dai kafin gulbi a fara da allura. Daga wata uku ake yi wa kwikwiyo rigakafin haukan kare, taka har ta wuce. Ka kai ta ma'aikatar kiwo ko wurin likitan bisashe, ka karɓi takarda ka adana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar nan na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma yara da yawa a cikinsu. In alamu suka bayyana, magani ya ƙare. In ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti nan take. Akwai kuma allurar ciwon nan mai sa amai da zawon jini, wanda na ga ya kwashe 'yan kwikwiyo ciki guda a gida ɗaya. Sai maganin tsutsar ciki, da duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska. Tauna kuwa haƙora take sauyawa, zuwa wata shida ko bakwai za ta lafa. Kada a sa ta bin moto tana gudu mai nisa kafin ta shekara, ƙashinta bai ƙosa ba.

Maman 'yan biyu, Bagalam: Ɗan'uwa, ka gaya wa uwargida ta kwantar da hankalinta, ni ma na sha wannan. Namu da ya zo, zabbina ya sa wa ido. Sai maigida ya riƙa zama da shi a igiya kusa da akurki lokacin da nake watsa hatsi, da ya zabura a ce "bari" a ja shi baya, in ya natsu a shafa kansa. A hankali ya gane na gida ne. Yanzu 'yan tsaki na tsattsaga a gefensa yana kwance. Amma kajin maƙwabta har gobe ban yarda da shi ba, shi ya sa muka ƙara tsawon katanga. Abincinsa tuwon hatsi da nono, wani lokaci kayan ciki daga mahauta. Ban ba shi miya mai albasa ko dafaffen ƙashin kaza, likita ya hana.

Malami, Tibiri: Ƙarin bayani kaɗan. Shari'a ta yarda a riƙe kare don farauta ko tsaron dabbobi ko gona, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren mafarauci ya kamo. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Ka ware mata mazubinta da makwancinta a inuwa. Zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi yana haura digiri 40, wanda ya ɗauki rai ya bar shi da ƙishirwa zai amsa tambaya.

Ɗalibi a Faransa: A nan irin karnukan suna da daraja sosai. Tun shekarun 1970 aka fara kawo su Turai daga ƙasar Azawak, tsakanin Nijar da Mali, inda Abzinawa ke kiransu oska. A gidajen da ake ajiye dabbobin da aka yasar, sai an tambaye ka girman gidanka da lokacin da kake da shi kafin a ba ka kare mai gudu.

Direba, Sabon Gari: Ni dai nawa bai zaunu ba. Tafiya gare ni kullum, gidan haya ne, tsakar gida kamar tafin hannu. Na kai shi wurin ƙanena a Mayahi, yanzu yana bin awaki yana kama gafiya, ya yi kyau. In ka san ba ka da asubar da za ka ba ta, ka nema mata ƙauye tun tana ƙarama, babba ba ya saurin sabo da sabon hannu.

Tsohon maharbi, Madarunfa: Na manta abu guda, ɗana. In ta girma ka yi sha'awar gwada ta a daji, ka fara zuwa wurin jami'an gandun daji. Dokar farauta ta 1998 tana nan, sai da izini, kuma gandun dajin Gadabeji ba a shiga da kare a bi barewa. Ranar da za ka fara sakinta ka zaɓi fili nesa da kwalta, don in ta hango zomo kunnenta toshewa yake.